Wa Ke Tarbar Ɗanmu a Tasha?

Duk shekara in sakamakon bak ya fito, shafukanmu na Facebook da gungun WhatsApp na ƴan Madawa, Buza da Keita sai su cika da hotuna. Yaro cikin farar riga, yarinya da mayafinta, a ƙasa an rubuta "barka, Allah shi ƙara basira". Mu yi ta tura alamar tafi. Bayan ƴan watanni, ranar da yaron nan zai sauka daga mota ƙarfe biyu na dare a garin da bai taɓa takawa ba, da rabin buhun gero da katifa naɗe da igiya, babu ko ɗaya cikin masu tafin nan da ke tsaye a tasha.

Ni haka na sauka. Ba sai na faɗi sunan jami'ar ba. Abin da ke hannuna lambar waya ce guda, wadda wani malaminmu na lise ya rubuta mini a bayan takardar sakamako, ya ce in na isa in kira. Na kira sau uku kafin a ɗauka. Muryar mai barci ta ce, "Ɗan wane gari?" Na faɗi sunan ƙauyenmu. Ya ce, "Tsaya nan inda kake, kar ka ba kowa kayanka." Bayan rabin awa sai ga shi bisa babur ɗin aro. Bai san ni ba, bai san ubana ba. Ya ɗora katifata, ya kai ni wata rumfa a bayan ginin kwanan ɗalibai, inda na tarar da mutum fiye da goma kwance bisa tabarmi. Ya taɓa ƙafar ɗaya ya ce, "Muskuta, ƙanenka ya zo." A nan na kwana wata huɗu kafin in samu gado.

Wannan rumfa ce nake son mu yi magana a kanta yau, don ina ganin mun daɗe muna cin moriyarta ba tare da mun ɗauke ta da muhimmanci ba.

A Yamai, ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni suna kiran irin wannan wuri ambasad, wato ofishin jakadanci. Sunan wasa ne, amma ya dace. Ƴan yanki guda, ko ƴan gari guda, su kafa rumfa ko su riƙe wata inuwa, nan ne masaukinsu, nan ne majalisarsu, nan ake dafa shayi, nan ake aje jakar wanda bai samu ɗaki ba. A sauran garuruwan da ke da jami'a, ko an kira ta da wannan suna ko ba a kira ba, ƙungiyar ƴan asalin gari kaza tana nan tana wannan aiki. A takarda, kwana da ci da motar ɗalibai da asibitinsu aikin CROU ne, hukumar da gwamnati ta ɗora wa kula da jin daɗin ɗalibai. A ƙasa kuwa, duk wanda ya zauna site ya san gadaje ba su kai yawan mutane ba. Ɗakin da aka gina don biyu sai ka tarar da biyar ko shida, mai ɗaki bisa gado, baƙinsa a ƙasa. Wanda ke cike giɓin nan tsakanin takarda da ƙasa, ɗalibi ne ɗan'uwan ɗalibi.

Bari in faɗi abin da na gani ana yi, don iyayenmu da ba su taɓa shiga jami'a ba su san inda ɗiyansu ke kwana. Sabon zuwa bai san inda ake rajista ba, bai san takardun da ake nema ba, bai san cewa in ya makara da mako ɗaya sunansa ba zai shiga jerin masu neman ɗaki ba. Wani babba ne zai kama hannunsa ya zaga da shi ofis-ofis. In burs ta yi jinkiri, kuma takan yi, wanda ke da tiken resto biyu shi ke ba marar ko ɗaya. In resto ya rufe, a haɗa dala-dala a sayo shinkafa, wani ya kawo albasar da aka aiko masa daga Fadamar Tarka, wani ya zazzage garin rogo da ƙuli-ƙuli, a ci a kwano ɗaya. In zazzaɓin damina ya kwantar da mutum, ƴan rumfa ne ke kai shi asibiti, su ke jinya bi da bi. Na taɓa rakiyar gawar wani ɗan'uwanmu zuwa garinsu, mu huɗu a bayan mota, da kuɗin da aka tara a daren cikin hula. Ba wanda ya biya mu, ba wanda ya rubuta sunanmu a ko'ina.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja, a zango suke sauka, hannun mai gida ɗan garinsu, shi ke ba su masauki, shi ke tsaya musu a ciniki. Ƴan Adar da ke tafiya bida Abijan ko Legas ko Libiya har gobe ba sa tashi sai sun san gidan da za su aje jaka. Ɗalibai ba su ƙirƙiro komai ba. Zango suka ɗauko suka dasa a tsakiyar jami'a. Abin mamaki shi ne, mu da muka san darajar mai gida a fatauci, mun kasa ganin cewa yaro ɗan shekara ashirin da uku da ke tarbar ƙannensa a tasha, aikin mai gida yake yi, ba jari, ba lada.

A wasu ƙasashe an gane wannan tun tuni, har an ba shi tsari. Tsofaffin jami'o'in Ingila irin su Okusfod da Kambirij a kan gidajen kwana aka gina su: ɗalibi ɗan wani gida ne kafin ya zama ɗan wani sashen karatu, a nan yake kwana, a nan yake ci, kuma ɗaliban kowane gida suna zaɓen shugabanninsu. Da aka buɗe jami'ar Ibadan da ta Legon a Gana a 1948, an kwaso wani abu na wannan tsari. Wanda ya je jami'ar Ahmadu Bello a Zariya zai ji ɗalibi na cewa shi ɗan Suleiman ne, ko ita ƴar Amina ce, sunayen gidajen kwana kenan. Ba ina cewa can aljanna ba ce, su ma cunkoso ya ci musu tuwo a ƙwarya. Abin da nake nufi, an yarda cewa wurin kwana wani ɓangare ne na karatu. Mu kuwa mun gaji tsarin Faransa, inda jami'a ke koyarwa, wata hukuma daban ke raba gado da abinci, zaman tare kuma a bar wa Allah da ɗalibai.

To ɗaliban sun ɗauka, kuma abin da suka gina da shi ya wuce dafa shinkafa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990, ɗaliban da suka taso daga jami'ar Yamai suka nufi gadar Kennedy, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe uku. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: guguwar da ta kai ƙasar nan ga babban taron ƙasa na 1991, inda ƙungiyar USN ta zauna a matsayin ɗaya daga cikin manyan masu faɗa a ji. Mutanen da suka yi wannan tafiya ba a aji suka koyi shirya taro ba. A ɗakunan kwana suka koya, wajen rabon gado da layin resto da gardamar dare. Ni kaina, duk abin da na sani yau na jagorancin zama, yadda ake ba mai adawa dama ya gama maganarsa, yadda ake rubuta abin da aka yanke don kar gobe a musa, a rumfar nan na koye shi. Lisans ɗina bai koya mini ko ɗaya ba.

Sai dai in na tsaya nan na yi ƙarya, ko in ce na faɗi rabin gaskiya, wadda ta fi ƙarya haɗari.

Rumfar da ta tarbe ni ba kowa take tarba ba. Shekarar da na zama ma'ajin ƙungiyarmu, wata yarinya daga wani ƙauye da ke kan hanyarmu ta zo, ita kaɗai ce mace da ta ci bak a garinsu a shekarar. Namiji in bai samu ɗaki ba, ya shimfiɗa tabarma a rumfa ko a masallaci, ya yi wanka da bokiti a bayan gini. Ita fa? Ta sauka gidan wata ƴar'uwar mahaifiyarta a wata unguwa mai nisa. Kuɗin kabu-kabu kullum ya fi ƙarfinta, aikin gidan kuma ya hau kanta, wanke-wanke da reno, don ba a zama gidan mutane hannu sake. Sau biyu ta zo wurinmu tana tambaya ko akwai wata babba da za ta raɓa a ɗakinta. Muka ce za mu duba. Muna cikin rigimar zaɓen shugaban ƙungiya a lokacin, wallahi mantawa muka yi. Bayan hutun ƙaramar salla ba ta dawo ba. Na ji an yi mata aure a daminar. Ban ce auren laifi ne ba, amma na san ba shi ta zo nema ba ranar da ta sauka tasha da takardunta cikin leda. Har yau in na tuna "za mu duba" ɗin nan sai in ji kunya.

Ba ita kaɗai ba ce. A duk zaman da na halarta, mata na zaune a gefe, a ba su muƙamin mai kula da harkokin mata, a kira su ranar girkin bikin tarbar sabbi. Ba a taɓa tambayarsu yadda za a kashe kuɗin asusu ba. Kuma asusun ma, tunda na riƙe shi zan iya faɗa: a littafin makaranta guda yake, littafin yana cikin jakata, ba wanda ya taɓa cewa in buɗe a gani. Ban ci ko dala ba, amma da na ci ba mai sani. Wanda ya gabace ni ya miƙo mini littafin da shafuka uku a yage. Da lokacin zaɓe na ƙasa ya matso, sai ga ƴan siyasar yankinmu da buhun shinkafa da kwalin shayi da sukari, a ɗauki hoto, a tafi. Shugaban ƙungiya ya wayi gari da sabuwar waya. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, don wanda ya ba ka tabarma daren farko da wuya ka tsaya gaban mutane ka tambaye shi lissafi.

Akwai kuma zancen ƙarfi. Inda ɗalibai ke mulkin kansu ba tare da mai duba su ba, mai kiyaye oda yakan zama abin tsoro. A farkon 2018, hatsaniya tsakanin wani malami da ƴan CASO, sashen ƙungiyar ɗalibai mai kula da oda a jami'ar Yamai, ta jawo yajin aikin malamai, aka kori wasu shugabannin ɗalibai, karatu ya tsaya. Kowane ɓangare na da nasa bayani, ba shari'ar nake son sakewa ba. Abin da ya nuna shi ne, ikon da ba a rubuta iyakarsa ba, ko a hannun ɗan'uwanka yake, wata rana zai taka wani.

Wasu abokaina na gwagwarmaya za su ce, ai duk wannan kewaye ne. Gina ɗakuna haƙƙin gwamnati ne, biyan burs a kan kari haƙƙin gwamnati ne, in muka ce al'umma ta ɗauki nauyi mun sauke wa hukuma kaya kenan. Na yarda da rabin farko ɗari bisa ɗari. An buɗe jami'o'in Tawa, Maraɗi da Damagaram a 2010, aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014, kuma alheri ne babba: ɗan Keita da ke son karatun shari'a ko tattalin arziki yanzu yana iya yinsa a jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, kusa da gida, maimakon ya nufi Yamai, wadda daga Madawa ma kusan kilomita 500 ce. Amma buɗe aji ya fi gina wurin kwana sauri, kuma a kan irin waɗannan buƙatu na zaman ɗalibai ne aka yi zanga-zangar 10 ga Afrilun 2017 da Mala Bagale ya rasa ransa a cikinta. Wannan bashi yana nan a wuyan hukuma, kuma ba za mu daina bi ba. Sai dai yarinyar da za ta sauka tasha a watan Oktoba mai zuwa ba za ta kwana cikin takardar koke ba. Ana iya bin bashi da hannun dama, ana shimfiɗa tabarma da na hagu.

Wasu kuma za su ce ambasad ɓangaranci take koyarwa, kowa ya koma cikin ƴan garinsu. Akwai gaskiya a nan ma. Na san waɗanda suka yi shekara uku ba su yi aboki ko ɗaya da ba Ba'adare ko Bagobiri ba. Ni sa'ata ita ce gadon da na samu daga baya ya haɗa ni da wani Bazabarme da wani ɗan Difa, muka yi shekara biyu muna faɗa a kan wanda zai share ɗaki, yau ba ni da aminai kamarsu. Rumfar ƴan gari zaure ce, ta nan ake shiga, ba a nan ake tarewa ba. Babban da ya san aikinsa, bayan wata ɗaya zai kori ƙanensa ya je ya san mutane.

Yanzu ga inda maganar ta dawo gida, gare mu ƴan Madawa, Buza da Keita, musamman mu da muka gama muka dawo ko muka samu abin yi.

Alhazanmu na albasa, ku gafarce ni, da ku zan fara. Motocin da ke lodi daga yankin nan suna kaiwa har Gana da Kodibuwa. Kuna gina masallatai, kuna raba hatsi da azumi, Allah shi saka. Hayar gida guda mai ɗaki huɗu kusa da jami'a a Tawa, na ƴan mata kaɗai, da wata dattijuwa da iyaye suka yarda da ita tana kwana a ciki, ba ta kai ribar lodi kaɗan ba. Uban da ke jin tsoron sakin ɗiyarsa, in ya san ga gida, ga mai kula, ga ɗiyan maƙwabtansa a ciki, zai sake ta. Na zauna da irin waɗannan iyaye a Karofane da Sabon Gida. Ba ƙin boko ke hana su ba. Tambayarsu ɗaya ce kullum: "Ina za ta kwana?" Kuma tambaya ce ta mai hankali. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka tun 1984 suka tare zaizayar ƙasa a aikin raya karkara na can, jikokinsu ba su cancanci a ce karatunsu ya tsaya a kan rashin ɗaki ba.

Masu riƙon kwaminoninmu, daga Bangi da Urno zuwa Tamaske da Ibohamane, ku ma akwai abin da ba ya cin kuɗi. Kowane lise ya san waɗanda suka ci bak. A tara sunayen kafin yara su watse, a san wa zai je Tawa, wa zai je Maraɗi, wa zai je Yamai, a miƙa wa ƙungiyoyin ɗalibai tun ana damina. Kada tarbar yaro ta dogara ga ko wani malami ya tuna ya rubuta lamba a bayan takarda.

Amma kar a ba ƙungiyoyin nan ko tamma sai da sharaɗi, kuma ni tsohon ma'aji nake faɗa. Ƙannena da ke riƙe da su yanzu, ku ji da kyau. Littafin asusu ya fita daga jaka, a karanta shi gaban kowa duk ƙarshen wata uku, a ɗauki hotonsa a tura gungun gari, iyaye su gani. Kuɗi kada ya fita sai da hannu biyu, ɗaya na mace. Shugaba ya yi shekara ɗaya ya sauka, ko da shi ya fi kowa iya magana. Ɗan siyasa in ya kawo shinkafa a karɓa, yunwa ba ta da jam'iyya, amma a rubuta buhu nawa ne, a faɗa a zama. Na san za a ce ina son mayar da zumunci ofis. A'a. Zumuncin da ba lissafi shi ne wanda ke mutuwa ranar da aka fara zargi, na ga ƙungiya ta rabe biyu a kan jikka goma sha biyar.

Su kuma ɗaliban suna da abin biya da shi. Darussan hutu da wasunsu ke shiryawa a garuruwanmu da damina, kyauta ko kusan kyauta, su ne kawai ƙarin karatun da yaran talakawa da yawa ke samu kafin jarrabawa. A mayar da shi alkawari: wanda gari ya kwantar, ya dawo ya koyar da wata ɗaya.

Mu da muka fita, namu ya fi sauƙi kuma mun fi kowa sakaci. Muna da gungu a waya mai mutum ɗari da wani abu, aikinmu tura gaisuwar Juma'a da hoton ɗaurin aure. Na gwada lissafi a raina: in kowane mai albashi a cikinmu ya ajiye jikka ɗaya a wata, hayar gidan ƴan matan nan ba ta ma jira Alhazai ba. Na kawo maganar a gungun makon jiya. Mutum bakwai suka amsa, uku da alamar tafi, huɗu da "Allah shi ba da iko".

Wanda ya ɗauko ni a tasha daren nan yanzu malamin makaranta ne a wani ƙauye cikin Buza. Na kira shi kafin in rubuta wannan, na tambaye shi ko ya tuna. Ya yi dariya ya ce bai tuna ba, a shekarar kaɗai ya ɗauko sun fi ashirin, kuma mai babur ɗin har yau yana bin shi kuɗin mai. Na ce masa bana ɗalibansa mata nawa ke aji na ƙarshe a sakandaren garin. Ya ce biyu, ɗaya tana da kai sosai, lissafi kamar ruwa. Sai ya yi shiru, sannan ya ce ubanta ya riga ya zo ya same shi har gida, ya tambaye shi in ta wuce gaba ina za ta sauka. Ya ce masa ya ba shi lokaci zai bincika.